Tabarmar da Kika Saƙa Mini

Nanay, mahaifiyata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Ya idanunki? Kina ɗiga maganin safe da yamma? Ki gaida mahaifina Tatay da ɗan'uwana Intoy.

Ni lafiya lau nake a birnin Cebu, ba na kwana da yunwa. Aikin sakatariyar ƙungiyar agajin ba wuya, kuma har yanzu ina zaune a gidan shugabarmu, Madam Erlinda.

Ranar Talata wata ƙungiya ta kawo mana ziyara daga Koriya. Madam ta zagaya da su gida, har ɗakina. Wata baƙuwa ta ga tabarmar da kika saƙa mini lokacin da na gama makaranta, ta ce ta yi kyau. Nan take Madam ta naɗe ta miƙa mata, ta ce, "Mu haka muke, baƙo ba ya yaba abu ya tafi ya bar shi."

Na ce, "Madam, akwai sunana a jiki."

Ta yi dariya. "Inday, 'yar yarinya, da digirinki kike kukan ciyawa? Kawo almakashi." Ni na riƙe gefen, ita ta yanke sunan. Baƙin suka tafa. Kada ki damu, simintin da nake kwana a kai yanzu ba sanyi sosai.

A watan Mayu wasu za su zo. Madam tana son ki saƙa tabarmi goma sha biyu, kyauta. Ta tuna mini cewa masu neman kujerata suna da yawa.

Na san likita ya hana ki saƙa, Nanay. Na ce wa Madam to.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Jovelyn