Kaka Asibi Ta Shiga Fim

Kano, Afrilu 1996

Zuwa ga Yaya Kulsumu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki gaishe min da matata Kaka Asibi, ki ce mata angonta na nan tafe.

An ba mu aikin ƙarshen shekara. Kowa zai ɗauko farkon fim na minti uku, yadda mai kallo zai gane irin labarin tun kafin a yi magana. Ni na zaɓi na soyayya. Kin dai san yadda ake buɗe su: bakin ruwa, budurwa mayafinta na kaɗawa, waƙa ta tashi, saurayi ya ɓullo daga bayan bishiya. 'Yan ajinmu duk lambun otal suke nema. Ni da na girma a bakin Tiga, me zan yi da lambu?

Zan zo ran Asabar da kyamarar makaranta da abokan karatuna biyu, Surajo da Turai, su za su fito saurayi da budurwa. Ki roƙar min maigidanki ya kai mu a kwalekwalensa inda babu jama'a. Don Allah kada Kaka ta ji sai mun gama, kin san ta.

Naki ƙane,
Isyaku

Tiga, Mayu 1996

Ƙanena Isyaku,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafi. Ka tafi kana ta kumbure-kumbure, ko kifin da na soya maka ba ka ɗauka ba, shi ya sa na ce bari in biyo ka da takarda.

Kai ka ce a kai ka inda babu jama'a. Ka san me ya sa babu jama'a a wurin? Tsohon garinmu ne. Bana ruwa ya ja baya irin yadda bai taɓa yi ba, shi ya fito da shi. Kana goye aka tashe mu don gina madatsar ruwan, ba laifinka ba ne. Duwatsun nan uku da ka ce Turai ta ɗora ƙafa a kai don hoto ya yi kyau, murhun Kaka ne. Da ta biyo ku a kwalekwalen maƙwabta ta tarar da baƙuwa tsaye a madafinta, me kake so ta yi? Ai ta ma yi kunya da ta janye ta da hannu kawai. Sai kai kana ta ihun a tsaya, ita kuwa ta bi layi tana nuna gidajen mutane kamar jiya ta bar su.

Ga abin da ba ka sani ba. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya kama hanya. Da ƙafa ta gane murhun nan. Kullum sai ta tambaya yaushe angonta zai kawo mata gidanta a talbijin. Na roƙe ka, kada ka yanke ta.

Yayarka,
Kulsumu

Kano, Mayu 1996

Yaya Kulsumu,

Salamu alaikum. Na samu takardarki, kuma jikina ya yi sanyi. Amma ki duba nawa halin. Malaminmu ya faɗa tun farko, wanda fim ɗinsa bai nuna irin labarinsa ba ya faɗi, faɗuwa kuwa maimaita shekara ce. Minti ɗaya gare ni mai tsabta, Turai da ruwa da waƙa. Daga nan sai tsohuwa da zane a kafaɗa tana cewa nan gidan wane, nan rumbun wane. Surajo ko fitowa bai samu ya yi ba. Wa zai kalli wannan ya ce soyayya ce?

Zan iya jan minti ɗayan nan in cike da hoton ruwa, in tsira. Komawa a sake ɗauka ba zai yiwu ba, kyamara tana hannun wasu, ga damina ta kawo kai. Ki ba Kaka haƙuri. Zan kawo mata ragowar kaset ɗin in na samu hutu.

Naki,
Isyaku

Kano, Yuni 1996

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Shirunki ya iso, na kuma gane shi.

Da na zauna zan yanka, sai na ce bari in saurari abin da take faɗa, domin ran nan haushi bai bar ni na ji ba. Ashe an manta ba a kashe rikoda ba, waƙar na ta yi a ƙarƙashin muryarta. Can sai ta dafa wani kututture ta ce wa Turai, "Tsamiya ce wannan. Nan Mainasara yake laɓewa in na taso daga rijiya. Ƙato da shi, wai shi ba a ganinsa." Ta yi dariya, ta tsaya tana fuskantar wurin. Yaya, ban taɓa jin ta kama sunan kakanmu ba sai a kaset ɗin nan.

Ban yanke ta ba. Na buɗe da Turai da mayafi yadda aka saba, Kaka ta shigo ta janye ta, sannan na tsayar da hoton a kan kututturen, waƙa na tafiya. Duk wanda ya saba kallo zai jira saurayi ya ɓullo. Ba wanda ya ɓullo. A nan na rufe.

Da aka nuna a aji, wasu suka ce na ɓata fim, wasu suka ce a mayar a sake gani. Malam kuwa rubutu kawai ya yi. Sakamako bai fito ba, kuma gaskiya ina jin tsoro. Ga kaset nan na ba Ɗanasabe direba, ki karɓa a Kafin Maiyaki ran kasuwa.

Naki ƙane,
Isyaku

Tiga, Yuli 1996

Isyaku,

Wa alaikumus salam. Kaset ya iso lafiya. Mun ari bidiyo da janareto, tsofaffin garinmu suka cika tsakar gida, kowa na nuna ƙofar gidansu.

Kaka ba ta gani ba. Haske kawai take gani yanzu. Ta matsa jikin talbijin ta kasa kunne, tana bin muryarta gida gida tana gyaɗa kai. Da aka zo kan tsamiya ta daina gyaɗa kan. Da ya ƙare sai ta ce, "Ash, na tsallake gidan Kande. Tsakanin rijiya da masallaci yake." Ta ce in faɗa wa angonta ya dawo da na'urarsa a gyara, kada Kande ta ji an manta da ita.

Ruwa ya riga ya rufe wurin, ban faɗa mata ba. Na ce mata za ka zo.

Allah ya ba ka sa'a.

Yayarka,
Kulsumu