Kuɓewar Malam Dikko

Ƙaura Namoda,
Talata, tsakiyar bazara.

Zuwa ga angona da ya gudu ya bar ni, Abdulaziz,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da ɗalibanka na Badarawa masu majina. Ya zafi, ya aiki, ya kuma yunwa, tunda har yau ka ƙi nemo wadda za ta dafa maka? Ni alhamdu lillahi, in ban da gwiwa da ke yi mani tsegumi duk na tashi.

Na san za ka ce ga waya. Wayar ta Saratu ce, maƙwabciyata mai waina, kuma da na kara ta a kunne duk gidan haya sai ya yi tsit yana saurare. Wagga magana ba ta taro ba ce. Ka yi haƙuri da rubutun 'yar yaƙi da jahilci, Gwadabe direba zai kawo maka.

Ka tuna kuɓewar kakanka Malam Dikko ta bayan gidanmu a Gurbin Bore? Gajeruwa mai jan kara, wadda kake sata ɗanya kana ci, ka ce akuya ce. Ranar da mutanen daji suka tashe mu, kowa na ɗaukar tukunya da tabarma, shi sai ya koma ɗaki ya ɗauko gwangwanin iri. Tun daga gida har Zurmi faɗa nake yi masa a mota. Ya ce in bari, duk inda muka sauka zai shuka. Ka san bai ga damina a Ƙaura ba. Gwangwanin ya zauna ƙarƙashin kayana shekara guda, ban iya buɗe shi ba.

To ga laifina, ban taɓa gaya ma kowa ba. Bara na buɗe, na shuka rabi. Gidan nan ko'ina siminti ne, sai na ce in cika buhu da ƙasa in yi mata taki. Ka san a gida juji shi ne arzikin gona, toka ce da kashin dabba da ƙaiƙayi, shekara na zagayowa a ɗora ma jaki. Sai na nufi jujin bayan unguwa da tasa, ina ta yi wa matan birni dariya a raina, wai ga zinariya sun zubar. Abdulaziz, jujin birni ba juji ba ne. Leda, batir, kwalba, baƙin mai, har da abin da ba zan rubuta ba. Na tsince abin da ido ya gani, na shuka. Biyu suka leƙo, suka ga inda aka kawo su, suka koma.

Yanzu abin da ya rage ko tafin hannuna bai rufe ba, kuma shekararsa uku. Iri ba ya jiran mutum. In bai shiga ƙasa bana ba, ya bi mai shi. Na tambaya a kasuwa, ba mai irin wagga kuɓewa, gidanmu kuwa an ce ko katanga ba ta saura.

Kai da aka sayar da ɗan maraƙi aka kai ka karatun noma, sai ka biya ni. Ka gaya mani yadda zan sami ƙasa mai rai a garin da ba nawa ba. In kuma da hali, ka kawo amsar da ƙafarka, wata bakwai ke nan ban ga wannan dogon wuyan naka ba.

Ka gai da mutanen gidan da kake.

Kakarka, kuma matarka ta fari,
Yalwa.

Ƙaura Namoda,
Lahadi, bayan ruwan fari.

Zuwa ga Malam Abdulaziz, shugaban masu ba da umarni daga nesa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kuma ruwa ya sauka wajenku kamar yadda ya sauka nan. Takardarka ta iso har da zanen rami, kamar ban taɓa ganin rami ba. Na dai yi yadda ka ce.

Akwai wani kango bayan gidanmu, mai shi ya ce mu yi abin da muke so, muddin ba a sa masa wari. Mijin Saratu ya haƙa mana rami har ƙugu. Kara da busasshen ganye a ƙasa, ɗanyen abu a bisa, toka, kashin awaki, a yayyafa ruwa, a sake. Sai dai ka manta abu guda, malam. Tsohuwa ɗaya mai cin tuwo sau biyu, ina za ta sami sharar cika rami? Sai na shiga gida-gida da bokiti. Ka ga kakarka, matar Malam Dikko, tana sallama tana roƙon ɓawon albasa. Wasu suka ce gudun hijira ya taɓa ni.

Da farko sun ƙi, suna cewa awakinsu fa. Na ce ni ma ba zan ci haƙƙin akuya ba. Sai na kafa doka: abin da mutum zai ci, na mutum ne. Abin da mutum ya bari, na akuya ne. Abin da akuya ta ƙi, shi ne nawa. Kuma ba bokitin da za a juye a rami sai na zauna na tona shi da hannuna, don leda ba ta sake cuta ta. Wajen tonon nan na ga abin mamaki. Unguwar da yara ke kwana da yunwa, ga ƙanzo a shara! Akwai wata amarya a ɗakin kusa da nawa, Madina, haifaffiyar gari, yarinya mai kirki amma ba ta san ana shanya tuwo ba. Na koya mata. Yanzu rufin ɗakinta ya fi nawa ƙanzo.

Ranar kasuwa kuma ni da Saratu muna bin masu kayan miya da yamma. Tumatirin da suke zubarwa a kwata, rabinsa gefe guda ne ya taɓu. Mu yanke ruɓaɓɓen mu kai rami, mai kyau mu shanya kauɗa mu raba. Gida tara ke kawo bokiti yanzu, har sun sa mani suna Sarauniyar Bola. Na karɓa, ba a taɓa naɗa ni komai ba.

Sau ɗaya ramin ya yi wari, don wata ta juye mana sauran miya da mai. Ƙuda suka yi biki, mai kango ya aiko. Muka zuba toka da kara muka juya, ya lafa.

Amma ga abin da ke cina. Ka ce in soka sanda a tsakiya, in na zaro na ji zafi, kada in kuskura in shuka, zai ƙone irin. Kullum da safe ina zarowa, zafi kamar goshin mai zazzaɓi. Ga ruwa ya sauka, ina jin mutane na wucewa da hauya. Jikina ya san lokacin shuka, ba ya jin karatunka. Jiya har na ɗauko gwangwani na buɗe, sai na tuna bara, na mayar. In damina ta wuce ni ina jiran sanda, kai zan kama.

Gwadabe ya ce hanyarku ta Shinkafi sai addu'a. Kada ka taso don maganata, ni dai faɗi nake. Amma in ta yi sauƙi, juya ramin nan na son mai ƙarfi.

Taka har kullum,
Yalwa.

Ƙaura Namoda,
Jumma'a, tsakiyar damina.

Zuwa ga jikana Abdulaziz,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya ruwa, ya ɗalibai. Yau ba tsiya zan yi maka ba, ko kuma kaɗan.

Sanda ta yi sanyi. Na sa hannu na ɗebo, baƙi ƙirin, laushi kamar garin dawa, har da tana a ciki. Da na kai hanci, Abdulaziz, sai ga ni a bayan gidanmu. Na ji ƙamshin nan na gindin tsamiya in an yi ruwan dare an wayi gari, na ga kakanka a duƙe da tsohuwar hularsa, kai kuma kana bin sa da gwangwani kana zubar da rabi. Na zauna bakin rami na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai shi makwancinsa. Saratu ta zo ta same ni, ta koma ta kawo mani waina biyu.

Kowane gida ya ɗebi rabonsa. Masu alayyafo, masu yakuwa, duk a buhu da tsofaffin bokitai. Ni na haɗa nawa da yashi a buhu huɗu, na yi bisimilla, na juye gwangwanin kaf. Ban rage ko ƙwaya ba, don ba ta da wata shekarar.

Kwana shida ba labari. Ran na bakwai huɗu suka fito. Huɗu kawai. Akuyar Saratu, wadda na tsare ma haƙƙinta, ta saka mani da cinye guda. Saura uku, na kewaye su da ƙaya kamar gidan sarki. Karan ya fara ja. Ita ce, ba wata ba.

Ka ce in an yi hutu za ka zo. An yi, yaran unguwa sun ishe mu, ban gan ka ba. Ban yi fushi ba. Na dai daina leƙa ƙofa in na ji mota, sai wani lokaci.

Kakarka,
Yalwa.

Ƙaura Namoda,
Alhamis, farkon kaka.

Zuwa ga angona mai alkawarin bazawara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan ka huce daga wahalar hanya. Gwadabe ya gaya mani yadda kuka taso, aka tsayar da ku, kuka juya. Gara da kuka juya. Na gode Allah da ya mayar mani da kai lafiya, ko da ba wajena ba. Yanzu zauna ka ji abin da zuwanka ya jawo, kai da ba ka zo ba.

Ka san al'adar kakanka. 'Ya'yan fari ba a cin su, sai ya ɗaura musu jan zare, kowa a gida ya san na iri ne, ko kai ɓarawo ba ka taɓa su. Haka na yi, na ɗaura ma guda biyar. Sauran nake tsinka jefi-jefi. Ruwa ya ɗauke, ganye ya fara rawaya, fure ya ƙare, ina jiran masu zare su bushe a kan uwarsu.

Ranar da aka ce kana tafe, na tafi kasuwa neman man shanu. Madina ta ce bari ta hutar da ni, ta yi ma baƙo miyar gidansu. Ta shiga ta tsinke kuɓewar nan tas, har masu zare. A zatonta na ɗaura ne don in nuna waɗanda suka isa ci. Ina za ta sani? A tiren masu talla ta san kuɓewa. Ni ce ban faɗa ba, na ɗauka duk duniya ta san jan zare, kamar yadda na ɗauka duk juji juji ne.

Na dawo na tarar da kara tsirara, miya na tafasa. Ban yi faɗa ba, na zauna a gindin buhunan. Da ta gane, yarinyar nan ta yi kuka har ta fi ni. Muka jira ka har la'asar. Daga baya aka ce kun juya. Muka zauna muka ci, don ba a zubar da abinci a unguwar Sarauniyar Bola. Yauƙinta, ƙamshinta, duk na nan. Ina ci ina cewa a raina, shi ke nan Dikko, yau na cinye ka.

Washegari ban so fita ba. Amma an jera bokitai a bakin rami, kuma ni na kafa dokar ba a juyewa sai na tona. Na zauna ina tono ba ko bisimilla. A bokiti na uku, ƙarƙashin ɓawon albasa, sai ga jan zare. Biyu daga cikin biyar ɗin sun riga sun ƙosa, wuƙa ta ƙi su, Madina ta jefa a shara. Da a ce ranar na yi ƙyuya na ce a juye, da sun dahu a rami.

Na rataye su a inuwa kwana goma sha biyu, Madina na gadinsu kamar jariri. Da suka bushe na fasa, ƙwaya baƙa, cikakka. Ban yarda ba sai da na naɗe biyar a jiƙaƙƙen tsumma. Huɗu sun tsaga.

Ban mayar da su gwangwani ba. Iri a hannu ɗaya, ka ga yadda ya kusa ƙarewa. Na ba kowane gida cikin taran nan 'yan ƙwayoyi, da guntun jan zare, na kuma yi musu bayani da baki, sau biyu. Da ina cewa ajiya nake yi sai mun koma Gurbin Bore. Ban fasa so ba, kullum da ita nake tashi. Amma kuɓewar ta riga ni sauka a Ƙaura, ban san ko ta fi ni hankali ba ne.

Ka buɗe ƙullin da ke cikin takardar nan a hankali, guda bakwai ne, kada ka zubar da rabi yadda ka saba. Gwadabe zai ba ka ƙaramin buhun taki. Ka shuka a Badarawa in ruwa ya dawo, ka ɗaura zaren.

Ragowar kuɓewar miyarka kuwa, wadda ba ta shiga tukunya ba, na yanka, na shanya, na daka. Tana cikin gwangwanin kakanka, ba mai taɓa ta. Busasshiyar kuɓewa na jira, ta fi ni haƙuri. Mun cika rami na biyu, ya ɗau zafi, shebur na jingine a bayan ƙofa.

Allah Ya buɗe hanya.

Kakarka mai jiran mota,
Yalwa.