Ƙofar Mutum Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Takarda ce daga hannun mahaifinka, daga ɗakin nan na Badarawa da ka sani, zuwa gare ka ɗana na fari, a inda Allah Ya ajiye ka. Gaisuwa mai yawa, da addu'a wadda ta fi gaisuwar yawa. A makaranta an koya mana cewa bayan gaisuwa sai a tambayi lafiyar wanda ake rubuta wa. Wannan layin na tsallake shi, tun da shekara biyu ke nan da aka yi maka sutura a Legas, ni kuwa ƙafafuna ba su kai ni ba.

Zan sa takardar a shafin ƙungiyarmu ta wasa, don ban san wani akwatin da zan jefa ta ba. Waɗanda suka rage za su karanta. Su yi haƙuri da tsawon maganar tsoho.

Amma bayan haka, dalilin rubutun shi ne masu kamfanin wasanmu na intanet sun aiko da sanarwa. Za su gyara duniyar tasu, kuma duk tsofaffin aike da ba a gama ba za a share su a ƙarshen watan nan. Namu na Ƙofar Tagwaye yana ciki. Shi kaɗai ne wurin da sunanka da nawa suke a layi ɗaya har yau.

Ka tuna yadda abin ya faro. Bayan rasuwar mahaifiyarka ka zo hutu, muka yi kwana uku a gida ɗaya, ba abin da ya haɗa mu sai ina kwana da ina wuni. Haka muka saba. Kai ɗan fari ne, ni kuma na tashi na tarar uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yaba shi a gaban mutane. Ƙannenka mata sun hau wuyana, sun ja mini gemu. Kai kana bakin ƙofa a tsugune, idonka a ƙasa. In zan kira ka sai in ce “kai”, in ina maganarka da mahaifiyarka in ce “yaron nan”. Ita ce take kai magana tsakaninmu. Da ta tafi, sai muka zama kamar unguwa biyu da gadarsu ta karye.

Ran da za ka koma ka ajiye mini kwamfuta a kan tebur, ka sa wasan a ciki. Ka ce, “Baba, gari ne, ana shiga ana gaisawa. Ni ma ina ciki duk Asabar bayan la'asar.” A raina na ce wasan yara ne. Amma wannan “ni ma ina ciki” ita ta hana ni mayar da na'urar cikin kwalinta.

Kai ka zaɓi mai takobi, ka sa masa suna Shaho. Ni ka zaɓa mini mai magani, wanda ke tsayawa a baya yana warkar da waɗanda aka sara, ka raɗa masa Tsohuwar Zuma, wai da ita ake magani. Na ga bakinka yana motsi kana danne dariya. Ban nuna na gani ba.

Ka ce abin da ake yi a ciki yana da sunansa a Turance. Na duba, na ce ai wannan aike ne. Ina da shekara sittin da biyar, na yi ritaya, ina da jikoki, sai ga wani manomin ƙarya ya aike ni in kashe masa ɓeraye goma a rumbu. Kuma na je.

A wancan zamanin aike aike ne. Ba kibiyar da ke nuna hanya, taswirar ma rabinta duhu. Sai dai a rubuta wa mutum cewa ya bi rafi har ya ga itace mai rassa uku, sannan ya yi yamma. Na sayi littafi mai layi ina kwafe kwatance a ciki, yana nan har yanzu a ƙarƙashin matashina. In mutum ya ɓata, dole ya tsayar da mai wucewa ya tambaya, kuma wanda ya tambaya ɗin sau da yawa sai ya bar abin da yake yi ya raka shi. Shekara talatin da ɗaya na yi ina buga tafireta a wani ofis a Doka, saboda haka yatsuna sun fi na samari gudu a wajen rubutu. Sara ne dai ban iya ba.

Manyan kogunan dodanni kuwa ba a shiga sai an cika biyar: mai garkuwa, mai magani, da mayaƙa uku. Sai mu tsaya a ƙofar gari muna cigiya, kamar motar Zariya a Kawo, ba a tashi sai ta cika. Wani lokaci awa guda muna jira. A nan muka tsinci Garkuwa, mutumin Katsina, wanda ya ga sunana ya yi wata biyu yana ce mini Hajiya, kai kuma ka hana kowa gaya masa gaskiya. A nan muka sami Tauraruwa, ma'aikaciyar jinya daga Damagaram, da wani tela ɗan zangon Kumasi mai Hausa kamar an ɗaure ta da zare. Muka kafa ƙungiya, na ce a sa mata Gayya. Kowa ya san kowa. Wanda ya wawure ganima ya gudu, gobe ba mai ɗaukarsa, kamar dai a kasuwa.

A cikin irin wannan jiran ne, wata Asabar, na rubuta, “Shaho, ka ci abinci kuwa?” Sai da na aika na ga abin da na yi. Na kira ka, ko da da sunan aro ne. Ka amsa, “Na ci, Zuma. Kai fa?” Na tashi daga kujera na zaga tsakar gida sau biyu kafin in iya dawowa.

Daga ranar bakinmu ya buɗe. Abin da uba ba zai faɗa ba, Zuma ya faɗa. Abin da ɗa ba zai yi ba, Shaho ya yi. In na makara da magani dodo ya kayar da kai, sai ka rubuta, “Tsoho, maganin nan naka sai an binne ni zai iso?” Na yi dariya har maƙwabta suka leƙo. Yanzu ba na iya karanta wannan layin.

A ƙofar garin nan ka gaya mini yarinyar da kake so ka aura, kafin ka gaya wa kawunanka. A nan ka gaya mini ranar da na kai maka ziyara makarantar kwana, na miƙa maka garin kwaki da sukari ina kallon wani wajen, ka koma bayan aji ka yi kuka. Abin da na iya rubutawa shi ne, “Zuma bai sani ba.” Ka ce, “Ba komai, ga mai garkuwa ya zo, mu tafi.”

In ka zo gida da Sallah kuma sai mu koma yadda muke. Ka tsuguna, in amsa ina kallon tabarma. Kamar ɓarayi biyu da suka haɗu a masallaci.

Sannu a hankali wasan ya fara sauyawa. Da fari suka sa alama a kan duk mai aike, don kada a sha wahalar nema. Sai kibiya ta zo, tana jan mutum har bakin abin da aka aike shi. Littafina ya zama ba shi da amfani, mai wucewa ma ba wanda ke tsayar da shi. Na yi gunaguni, ka ce, “Baba, ba kowa ne ya yi ritaya ba. Mai awa ɗaya a mako shi ma yana so ya ga dodo.” Gaskiyarka, ban musa ba.

Daga baya suka kawo maɓallin da ke cika mota da kansa. Mutum ya danna, kafin ya kurɓi shayi an jefa shi cikin kogo da baƙi huɗu daga ko'ina. Ba sallama, ba sai an jima. Gudu kawai suke yi kamar an biyo su. Sau ɗaya na tsaya rubuta gaisuwa, kafin in gama sun kaɗa ƙuri'a sun fitar da ni. Ƙofar gari ta zama kufai. Tela ya daina zuwa, Tauraruwa ta koma wani wasan a waya. Aka ƙaro aiken kullum, iri ɗaya jiya da yau, kamar sa hannu a rajistar ofis. A ƙarshe suka ƙera abokan tafiya na na'ura, masu garkuwa da masu magani da ba sa makara, ba sa kuskure, ba sa tambayar kowa ko ya ci abinci. Na ce maka to ga wanda ya fi ni. Ka ce, “Ya fi ka magani, bai fi ka surutu ba.”

Abu ɗaya suka manta ba su taɓa ba, Ƙofar Tagwaye, can a kan dutse a tsohuwar ƙasar da kowa ya bari. Duwatsu biyu ne nesa da juna, sai mutum biyu sun taka su lokaci guda take buɗewa. Mun karɓi aiken tare, aka rubuta sunayenmu a kansa. Shekara shida muna zuwa gindinta, kuma kullum da uzurinka. Yau takobinka bai isa ba. Gobe intanet ɗinka na rawa. Jibi mu taimaki Garkuwa tukuna. Har haushinka na ji, na ce a raina yaron nan ba ya gama abin da ya fara.

Sai ciwon ya zo. Ba ka gaya mini girmansa ba, matarka ma ka hana ta. Asabar ta ƙarshe ka shigo, ba mu je ko'ina ba, muka zauna a ƙofar gari mu biyu kamar da. Ka ce ka gaji ne kawai. Ni mai magani, ina da kwalabe cike da jaka, na ce ka sha ruwa da yawa ka huta.

Garkuwa ya zo ta'aziyya da ƙafarsa tun daga Katsina. Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Wani ƙaton mutum ya yi sallama, ya durƙusa a gabana ya ce, “Hajiya, sai haƙuri.” Mutane suka zuba mana ido, mu kuwa muka riƙe juna muna kuka. Shi ya gaya mini kana da wani jarumin na daban a cikin wasan da ya wuce ƙofar nan tun tuni, ka san abin da ke bayanta, kuma ka san ita ce aike na ƙarshe a duk wasan da ke buƙatar mutum biyu. Ya ce ya taɓa yi maka faɗa kan ja mini rai, ka ce masa, “In muka buɗe ta, da wane dalili zan riƙa zuwa wurin Baba ran Asabar?”

Ɗana, ashe dalili kake nema. A wurin ubanka.

Yanzu masu wasan sun ce duk mai son gamawa kafin a share, za su ba shi abokin na'ura ya taka ɗaya dutsen. Garkuwa ma ya bugo waya ya ce zai tsaya mini. Na gode masa. Amma kowanne na zaɓa, sai na fara cire sunanka daga aiken. Na kai hannu sau uku. In na danna sai a tambaye ni ko na tabbata. Linzamin kwamfutar ma da ƙyar nake saita shi yanzu, amma ba wannan ne ya hana ni ba.

Asabar da ta wuce na hau dutsen. Kibiyar da na yi shekara da shekaru ina zagi ita ta kai ni, don idona ya daina karanta littafina. Na taka dutsena, na tsaya ina kallon naka daga la'asar har ladan ya kira magariba. Wani ya wuce ta sama a kan tsuntsu, bai ko waiwayo ba. A jerin abokai sunanka ya dushe ya yi toka-toka, an rubuta a gefensa yawan kwanakin da ba ka shigo ba. Su ma suna ƙirgawa.

Na yanke shawara, ba zan buɗe ta ba. Kai ka bar ta a rufe da saninka, ni ma haka zan bar ta. Su share. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunan da na kira ka da shi duk shekarun nan a na'urar wasu yake, ran da suka ga dama za su goge shi kamar alli. Naka na gaskiya kuwa sau ɗaya tak na taɓa faɗa maka. Kana da kwana ɗaya a duniya, ungozoma ta miƙo mini kai a cikin zane, na yi maka huɗuba, na raɗa maka shi a kunne yadda ba wanda zai ji. Shekara arba'in da huɗu ban maimaita ba. Na ɗauka kunya ce, na ɗauka akwai lokaci. Ban ce magabata sun yi kuskure ba. Ni ne na ga hanya ta buɗe, na laɓe a bayan Zuma har ta rufe.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya sa ciwon da ka ɓoye mini ya zama kaffara. Allah Ya haɗa ka da mahaifiyarka a inuwa ɗaya, Ya raya abin da ka bari. Ni kuma Ya kyautata ƙarshena, Ya yafe mini abin da na tauye maka. In Ya ƙaddara mana haɗuwa a ƙofar da ta fi wannan, kada ka tsuguna daga nesa. Ka matso.

Sa'idu.

Sa'idu, ɗana. Ga shi na faɗa, a gaban mutane.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Tsohuwar Zuma.