Filin Bayan Jiddari Polo

Laraba, bayan isha'i

Na gaji tilis. Tun safe nake raba unguwanni a kwamfuta, kowace motar shara da yankinta. A bayan unguwar Jiddari Polo taswira ta nuna fili fetal, sai na tsallake shi. Baba Modu direba ya ce, "'Yata, 'yan gudun hijira sun cika wurin nan, je ki gani."

Na je. Na tarar da wata tsohuwa ta share ƙofar bukkarta fes, ta rasa inda za ta zubar. Na tambaye ta sunan unguwar, don manhajar kwamfutarmu ba ta karɓar yanki sai da suna. Sai ta faɗi sunan ƙauyensu da aka ƙone.

Shi na rubuta a matsayin sunan filin. Ranar Asabar Baba Modu zai kai musu mota sabon ƙauyen nasu.