Dutsen Kawu da Kwallin Inna

Assalamu alaikum Inna,

Ya gida, ya Baba da mutanen Kwaciri? Ni lafiya lau, sai sanyin Jamus.

Haba Inna! Dutsen da Kawu Ari ya aiko in auna, me ya sa kika haɗa shi leda ɗaya da kwalli? Kwana uku ina saita na'urarmu mai ƙona dutse da hasken leza, ina gwada ta da gilashin awo har ta daidaita. Ina sa dutsen, sai na'urar ta nuna dalma ko'ina, ashe kwallin ya zube masa. Malamina ya ce in wanke komai in sake.

Ki gaya wa Kawu babu zinariya. Kwallin nan kuma, don Allah ki daina sawa a idonki. Na ga abin da ke cikinsa: dalma ce, kuma guba ce.

'Yarki,
Zara