Daɓen Banɗakin Inna

Nuzla, Jidda

Zuwa ga Yaya Latifatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara. Yaya zaman Kasala, yaya ciwon ƙafarki? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, aikin ƙugun Inna ya yi kyau, likita ya ce za su sallame ta, amma a keken marasa lafiya za ta zauna. Kin san ɗakinmu a sama yake kuma babu lif, shi ne mai gidan da muke haya ya ba mu badrum, ɗakin nan na ƙarƙashin ƙasa. Matsalar banɗakinsa ce. Daɓen duk tudu da kwari, na gwada keken babu kowa a ciki sai da ya karkace.

Othman maƙwabcinmu ya nuna mini wani siminti da ake damawa ruwa-ruwa kamar koko, a zuba ya baje da kansa ya daidaita. Ni direba ne, ban taɓa riƙe cokalin gini ba, amma ma'aikata sun ce sai bayan Idi. Na share, na shafa maganin da ke sa ya kama, na toshe magudana da tsumma. Gobe ni da mai ɗakina Mansura za mu zuba. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Na'ibi

Nuzla, Jidda

Yaya Latifatu,

Sallama da fatan alheri. Saƙonki ya iso, Inna ta sa an maimaita mata muryarki har ta yi hawaye.

Yaya, abin bai yi ba. Mansura na damawa a jardal, wato bokiti, ina zubawa, da farko har daɗi na ji, yana malala yana cike ramuka sumul. Muna kan na ƙarshe sai na ga tsakiya tana lotsawa. Tsumman ne ya zurma. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon simintin yana tsiyayewa cikin magudana, in na taka in ɓata wanda ya kwanta, in na tsaya bututu ya cika. Mansura tana cewa yalla, maza yi wani abu. Kafin in samo sanda ya fara ƙanƙara. Halas, shi ke nan.

Yanzu bututun ya toshe kamar dutse. Mai gyaran famfo ya ce sai an fasa daɓen duka, kuma in aka fasa, ruwan gishirin da ke ƙarƙashin unguwar nan zai taso. Mai gida ya ce kada a taɓa sai ɗansa ya dawo daga Riyad.

An kawo Inna. A cikin baho Mansura ke mata wanka a tsakar ɗaki, ni in kwashe ruwan in hau da shi titi. Kin san Inna da kunya. Sai dai ta juya fuska bango har a gama. Ta rage cin abinci, ta rage shan ruwa, kuma na san don gudun buƙatar banɗaki ne.

Ɗazu ta sa na tura ta bakin banɗakin. Ta daɗe tana kallon daɓen, ta ce, "Masha Allah, ya yi kyau, Na'ibi. Yaushe zan shiga da kaina?"

Na ce mata gobe. Yaya, jiya ma haka na ce mata.

Ki gaishe da Malam da yara. Ki kira ta, ko ke za ta ji maganarki ta sha ruwa.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Na'ibi