Kwalba Biyu, Cokali Ɗaya

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke ɗura ruwan saiwar bishiyar sanya a kwalba, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin firamare ne a Guri, kuma maganinku ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Na farko, ranka ya daɗe, mahaifina masunci ne, sanyin ruwa ya kama masa gwiwoyi. Ni na sayo masa kwalbarku a wani kemis a Haɗeja, na karanta masa takardar jikinta: cokali ɗaya safe da yamma. Ya sha, ya ce salam yake kamar ruwan randa. Mutanenmu da harshe suke auna magani, in mutum bai ji ƙarfinsa a baki ba sai ya ƙara. Ya koma cokali huɗu, ya ji sauƙi, ni kuma ban hana shi ba.

Na biyu, da ta ƙare na sayo wata. Kwalba iri ɗaya, takarda iri ɗaya. Ya sha huɗun da ya saba. Kafin azahar amai da gudawa sun kayar da shi. Ruwa ya cinye hanyar mota, muka sa shi a kwalekwale, bai kai asibiti ba. Na san ajali ne, amma har yau zuciyata ba ta daina tuhumata ba.

Na uku, na bi diddigi. Dillalanku a sikeli suke sayen saiwa, saboda haka masu haƙa sun fi son damina, lokacin da ƙasa ke da taushi, saiwa ta sha ruwa ta yi nauyi. Kowace tsohuwa a garinmu ta san saiwar rani ta ninka ta damina ƙarfi. Ga alama kwalbar farko saiwar damina ce, ta biyu ta rani. Ku da kuke da injina da masu ilimi, yaya aka yi kuka ba su awo ɗaya?

Roƙona shi ne ku riƙa gwada ƙarfin kowace tukunya kafin a ɗura, ku daidaita shi, ku rubuta gargaɗi da boko da ajami. Kwalaben da ke kasuwa kuma ku janye su. Ranar kasuwar da ta wuce na ga aminin mahaifina ya sayi biyu, ya ce marigayi ne ya yaba masa maganin.

Allah ya ba ku ikon gyarawa, ya tsare muku naku iyayen.

Wassalam.
Malam Habu, Guri.